Rancen Da Ya Riƙe Shagon Yayata

Sa'ad da editan wannan mujalla ya tare ni a ƙofar ɗakin malamai ya ce in kawo rubutuna na bana, na yi niyyar in rubuta a kan tsoron da ɗalibai suke yi wa lissafi, gama shi ne abin da nake fama da shi kowace safiya. Amma da na zauna sai na tuna akwai wani lissafi da ni kaina na taɓa faɗuwa a cikinsa, ba kuwa a kan allo ba. Yawancinku kun san shagon ɗinkin nan da ke kan hanyar kasuwa, inda iyayenku sukan kai ku a gwada ku kafin a soma sabon zango. Mai shagon yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Rigar da ke jikin waɗansunku yanzu daga hannunta ta fito. Abin da ba ku sani ba shi ne, a shekarar 2020 saura kaɗan a rufe shagon nan, abin da ya riƙe shi kuwa rance ne na gwamnati.

Kafin in kai can bari in koma baya kaɗan, domin ba wannan ne karo na fari da irin wannan rance ya shigo gidanmu ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da kowa ya sani da suna SAP. Ina ɗan shekara bakwai a lokacin. Ban san ma'anarsa ba, na dai san madara ta ɓace daga shayinmu, daga baya shayin ma ya bi ta. Naira wadda dā take kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka ta faɗi, har sai an ba da wajen naira huɗu kafin a sami dala ɗaya. Aka yi ta rage ma'aikata ko'ina, har abin ya iso wurin da Baba yake aiki. Ya dawo gida da takarda a hannu, ya koma gona.

A watan Oktoba na 1989 gwamnati ta kafa People's Bank, watau bankin talakawa. Shugabansa na fari shi ne Tai Solarin, malamin makaranta ne shi ma, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne. An ɗauko dabarar ne daga bankin Grameen na ƙasar Bangaladash: ba a neman jingina, sai dai masu ƙananan sana'o'i su haɗa kai su tsaya wa juna. Wannan bai zama wa Mama baƙon abu ba, gama ita da ƙawayenta na zumuntar mata sun daɗe suna adashi. Da rabonta ya fito ta haɗa da na adashi ta sayi tsohon keken ɗinki na ƙafa, ƙirar Butterfly. Ta kuma ajiye wani gwangwanin Bournvita a ƙarƙashin gado. Duk ɗinkin da aka biya, sai ta fara jefa wani abu a gwangwanin kafin ta yi maganar cefane. Mun sha kwana da tuwo ba man ja a miya alhali muna jin ƙarar kwabbai a ƙarƙashin gado. Ta biya bashinta duka. Bankin kansa bai daɗe ba. A 2000 aka haɗe shi da waɗansu hukumomi aka yi banki guda, wanda daga baya ya zama Bankin Manoma mai hedkwata a Kaduna. Keken kuwa yana nan. A kansa Yaya ta koyi ɗinki.

To, yanzu sai 2020. A ranar 27 ga Fabrairu aka sami mutum na fari mai cutar korona a Legas. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, mu kuma a Jihar Kaduna aka sa dokar hana fita wadda ta kai wata biyu da rabi. Ku da kuke firamare a lokacin wataƙila kun tuna da shi kamar dogon hutu. A shagon Yaya ba hutu ba ne. Ɗinki a garinmu yana da damina uku: lokacin komawa makaranta, lokacin bukukuwa kamar Ista da Sallah da Kirsimeti, da kuma ankon biki. A wannan shekara Ista ta zo a 12 ga Afrilu kowa yana kulle a gida, ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Mayu haka nan, biki kuwa an hana taro. Aka kuma hana tafiya daga jiha zuwa jiha, saboda haka ko da akwai mai so, ba hanyar zuwa Kantin Kwari a Kano a sayo yadi. Daga Afrilu zuwa Yuni na shekarar tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 cikin 100, wata uku na gaba ya sake raguwa, shi ne abin da masana suke kira karayar tattalin arziki. Yaya ba ta bukaci masana su faɗa mata ba. Tana da kekuna huɗu da 'yan mata uku da suka ƙware a hannunta, kuɗin hayar shago kuma zai cika a Yuli.

Abin da ya ɗan riƙe ta da fari shi ne takunkumi. Da aka wajabta sa shi, ta tattara ƙyallayen atamfa da take tarawa a buhu ta shiga ɗinkawa. Amma kowane tela a gari ya yi wannan dabara, kafin wata guda farashin ya faɗi warwas.

A cikin Maris ɗin nan ne Babban Bankin Najeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ware naira biliyan 50 domin rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa da annobar ta taɓa. Daga baya an ƙara kuɗin fiye da sau ɗaya. Ta hannun ƙaramin bankin NIRSAL ake bayarwa. Magidanci yana iya neman har naira miliyan 3, kamfani kuma har miliyan 25. Kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 ne a shekara da fari, daga baya ya koma 9, akwai kuma lokacin hutu kafin a soma biya. 'Yan aji uku, ku ɗauki biro. Kashi 5 cikin 100 na naira 450,000 nawa ne? Naira 22,500, a shekara guda. Akwai wani mai ba da kuɗi da ruwa a garinmu wanda yake karɓar kashi 10 cikin 100 a wata. A wurinsa wannan kuɗi zai haifi 45,000 kowane wata, watau ninki biyu na abin da gwamnati take nema a shekara. Wanda ya ce lissafi ba shi da amfani a rayuwa, ya zo ya same ni a ɗakin malamai.

Ni na fara jin labarin a rediyo, na kai wa Yaya. Ba ta yi murna ba. Ta ce, “Malam, bashi hanji ne, na sani, yana cikin kowa. Amma in makaranta ba ta buɗe ba har shekara, da me zan biya?” Haka take kirana tun ranar da na karɓo takardar NCE, rabi girmamawa rabi tsokana. Muka yi kwana uku muna juya maganar. Daga ƙarshe ta yarda, ba don na rinjaye ta ba, sai don mai shagon ya aiko yaronsa ya tuna mata da Yuli.

Ba a zuwa banki a cika takarda. Ta intanet ake nema, da lambar BVN da lambar waya da asusun banki. Akwai wani saurayi mai shagon kwamfuta da ya buɗe kasuwa da wannan, yana cika wa mutane fom, yana cewa ya san hanya, amma in kuɗi ya fito a ba shi kashi ɗaya cikin goma. Alhali an yi ta sanarwa cewa neman rancen kyauta ne. Ni na cika wa Yaya da wayata, a tsaye a bayan gida kusa da bishiyar mangwaro inda sabis ya fi ƙarfi, sai a dare na huɗu fom ɗin ya wuce. Mun nemi 800,000. Muka jira Afrilu, Mayu, Yuni. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta soma maganar za ta bi innarta Abuja aikin gida da zarar an buɗe hanya. A ƙarshen Yuli, mai shago ya riga ya ƙara mata mako biyu, sai saƙo ya shigo wayar Yaya: 450,000.

A nan ne na faɗi jarrabawa, har sau biyu.

Na fari, na zauna da takarda na tsara mata yadda za ta kashe. Na ce a biya haya, saura duka a zuba a yadi, gama an ɗage dokar hana tafiya tun 1 ga Yuli, naira kuma tana faɗuwa, yadin da aka saya yau zai fi araha bisa na gobe. 'Yan matan kuwa na ce su koma gidajen iyayensu har aiki ya dawo, domin biyan wanda ba ya aiki hasara ce. A takarda lissafina ba shi da aibi. Yaya ta dube shi ta ce, “Yadi yana ɗinka kansa?” Ta ce shekara uku take ɗauka kafin yarinya ta iya yanka wando ba ta ɓata yadi ba. In ta sake su, ɗaya za ta tafi Abuja, ɗaya za a yi mata aure, ranar da aiki ya dawo sai ta tashi da yadi cike da shago da hannu biyu tak. Ga yadda ta raba: 90,000 haya ta shekara, 60,000 ta ware domin ta riƙa ba 'yan matan wani abu kowane mako har wata uku, 240,000 yadin kayan makaranta, 35,000 gyaran kekuna da zare da maɓallai da zif, 25,000 kuma ta ce ba mai taɓawa. Ta sa su ɗinka riguna da siket da wanduna manya da ƙanana suna jerawa a kanta, ba wanda ya yi oda.

Na biyu ya fi ba ni kunya, amma tun da na soma zan ƙarasa. Makarantu irin namu da kuɗin makaranta suke biyan malamai, in ba ɗalibai ba kuɗi, ba laifin kowa ba ne. Tun Afrilu rabin albashi nake karɓa, ga yara uku. Na je wurinta da daddare na ce, “Yaya, ki ranta mini dubu ɗari daga ciki, in an buɗe makaranta zan mayar.” A zuciyata ina ganin ina da haƙƙi, ai ni na cika fom ɗin, ni sauro ya cinye a gindin mangwaro. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, “Malam, kai ka karanta mini takardar nan daga farko har ƙarshe. A wane layi aka ce a ba ƙane?” Na tashi na fita ban yi mata sai da safe ba. Kashegari ta aiko da masara mudu goma da galan na man ja daga ɗakin ajiyarta, da saƙo cewa in ina son kuɗi akwai aikin guga da sa maɓalli, tana biya a kan dozin. Na yi mako biyu ina fushi. A na uku na je. Waɗansu tsofaffin ɗalibanmu sun wuce sun gan ni da dutsen guga na gawayi ina fifita shi a ƙofar shago, suka gaishe ni da ladabi, na ji dariyarsu bayan sun sha kwana.

Daga baya taimako ya zo mini ta wata hanya. Gwamnatin tarayya ta fito da wani shiri dabam na naira biliyan 75 domin ƙananan sana'o'i, a ƙarƙashin kulawar Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo. A ciki akwai tallafin albashi na wata uku, malaman makarantu masu zaman kansu kuma suna cikin waɗanda aka fara da su. Na sami 30,000 sau uku. Wannan kyauta ce, ba a biya. Na Yaya rance ne. Shirye-shiryen biyu sun zo a shekara ɗaya, a bakin mutane kuma duka sunansu ɗaya, “kuɗin korona”, wannan ya rikita mutane da yawa.

A Agusta aka bar 'yan ajin ƙarshe suka koma domin jarrabawar WAEC, sauran azuzuwa kuma aka riƙa buɗe su kaɗan kaɗan daga wajen ƙarshen shekara. Sai ga abin da ni malamin lissafi ban sa a lissafina ba: yara ba su daina girma ba don an rufe makaranta. Wata bakwai ko fiye suna gida. Wando ya koma gajere, riga ta ƙi rufuwa. Iyaye suka yi ca a kan teloli a mako ɗaya, kowa yana so kafin Litinin. Teloli biyu da na sani sun riga sun sayar da kekunansu sun ci abinci, wani kuma yaransa sun watse. Yaya ta miƙa hannu kan kanta kawai tana saukowa da kaya. Kekuna huɗu suka yi ta aiki har tsakar dare. Kafin Kirsimeti yadin nan ya ƙare, ta koma Kano sau biyu.

Kada wani ya ɗauka ina cewa rancen ne ya kawo mata masu saye. Buɗe makaranta ne ya kawo su. Abin da rancen ya yi shi ne ya saya mata wata huɗu, ya sa sa'ad da suka zo suka tarar da ƙofa a buɗe da mutane a kan kekuna. Da a ce makarantu sun ƙara shekara a rufe, da yau labarin da nake ba ku dabam ne, da bashi a kanta da tulin riguna da asu yake ci.

Ba kuma kowa ne ya samu ba, wannan yana damuna har yau. Kusa da shagon Yaya akwai wani dattijo kafinta wanda ya yi shekara talatin yana yi wa makarantu benci da tebur. Ya fi Yaya bukata, ya kuma fi yawancinmu riƙon amana. Amma bai taɓa buɗe asusun banki ba, ba shi da BVN, wayarsa ta kira ce kawai. Kafin a gama yi masa waɗannan duka an rufe karɓar fom na wannan zagaye. Ya sayar da katakonsa da arha ya koma ƙauye wurin ɗansa, yanzu ana sayar da katin waya a shagon. Sau da yawa nakan yi tunani, bambancinsa da Yaya ba aiki ba ne, ba gaskiya ba ce, ƙane ne mai waya wanda ya iya karanta Turanci. Na san halin da yake ciki tun Afrilu, ban kuwa tuna in tambaye shi ba sai da lokaci ya ƙure.

Akwai kuma waɗanda suka samu suka ɗauka rabonsu ne na arzikin man fetur. Wani maƙwabcinmu ya sayi babbar talabijin ya ƙarasa biyan sadaki. Ba na yi masa dariya, domin an daɗe ana koya mana haka. A 2018 an bi kasuwanni ana raba rancen TraderMoni na naira 10,000, ga zaɓe yana tafe, mutane da yawa suka karɓa a kan kyauta ce. Amma a wannan karo akwai sabuwar doka. Daga 1 ga Agusta 2020 Babban Banki ya ba bankuna izini su cire bashin da aka ƙi biya daga kowane asusu da ke haɗe da BVN na mai bashin, ko a wane banki yake. Maƙwabcin namu ya gane haka ne ranar da ɗan'uwansa ya aiko masa da kuɗin taki.

Yaya ba ta da gwangwanin Bournvita, amma ta buɗe asusu na biyu wanda ba ta karɓi katinsa ba, kowace Asabar tana zuba wani abu a ciki. Wajen 20,000 take biya a wata. Shekarar 2023 ce ta fi ba ta wuya. A farkonta aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mutane suna da kuɗi a banki amma ba abin biyan tela a hannu. A 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, janareton shago ya koma abin kallo. Ta jawo tsohon Butterfly na Mama daga lungu aka sa masa mai. Wata biyu a jere sai da ta sayar da akuya kafin ta cika kuɗin wata. Ta gama biya kafin Kirsimetin shekarar.

Gaskiya ita ce, faɗuwar naira ta rage mata nauyin bashin. Dalar da take wajen naira 380 a lokacin da ta karɓa ta haura 1,500 a farkon 2024, tsadar kaya kuma ta wuce kashi 30 cikin 100 a wannan shekara. Naira 20,000 ɗin da ta biya a ƙarshe ba ta kai ta farko daraja ba. Wani ne ya ɗauki wannan gibi, ina kuma zaton mu masu albashi muna cikinsu. Olayemi Cardoso, wanda ya karɓi Babban Banki a 2023, ya ce bankin zai janye daga ba da irin wannan rance da kansa ya koma aikinsa na tsare darajar kuɗi. A matsayina na malamin lissafi na gane dalilinsa. A matsayina na ƙanen tela kuwa, na san abin da zai faru da shagon nan da an yi wannan shawara tun 2020.

A 2024 aka yaye babbar cikin 'yan matan nan uku, ita ce wadda ta so tafiya Abuja. Yaya ta ba ta Butterfly na Mama, ta kama ɗan ɗaki a bakin tasha. Ba da daɗewa ba ta ji cewa Bankin Masana'antu yana ba ƙananan 'yan kasuwa rance har naira miliyan ɗaya da ruwa kashi 9 cikin 100, ta zo da wayarta wurina a shagon Yaya ta durƙusa ta ce, “Baba Malam, a taimaka a cika mini.” Na karɓi wayar na soma neman gilashina. Yaya ba ta ɗaga kai daga keke ba, ta ce, “Ajiye wayar tukuna. Ke, zo nan. Mutum nawa suka kawo miki ɗinki a watan jiya?” Yarinyar ta soma ƙirgawa da yatsu. Yaya ta tura mini takarda da biro ta ce in rubuta, kada kuma in ba da shawara sai an tambaye ni.